Yaren masu haƙar kuza da zinari na da: me kalmominsu ke nufi a bakin rami?

Ɗalibar Naraguta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina tattara kalmomin masu haƙar ma'adinai na farko don wani aikin makaranta. A tsofaffin rahotannin kamfanonin kuza ina cin karo da paddock, wash, tributer da deep lead. A bakin dattawan Bukuru kuma sai in ji loto, heluma, kwanon sarki, ɗiban gwamna. Ga kuma na masu neman zinari a Amurka, irin su pay dirt da grubstake da fool's gold. Yare ɗaya ne ya yaɗu, ko kowa da nasa? Ba fassarar ƙamus nake nema ba. So nake in san wane aiki ake yi a lokacin da ake faɗin kalmar. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Safiyo, Bukuru:

Wa alaikumus salam 'yata. Jerin kalmomi ba zai amfane ki ba sai kin bi aikin daki-daki, domin kusan kowace kalma sunan wani mataki ne. Mu bi ƙasar daga sama zuwa ƙasa.

Kuza a cikin duwatsun Filato aka halicce ta. Ruwa da rana suka ruɓar da dutsen, rafuka suka kwashe, yashi mara nauyi ya wuce gaba, ita kuma ta nutse ta kwanta a gindin rafi. Saboda haka duk ramin kuza hawa uku ne. Na sama ƙasar banza ce, jar marmara da yumɓu, wadda Turawa ke kira overburden. Kwashe ta ake yi a zubar. Ƙarƙashinta akwai tsakuwa mai ɗauke da kuza, ita ce wash ɗin da kika gani a takardu, an sa mata sunan ne don ita kaɗai ake kaiwa wanki. Wani wuri kaurinta bai wuce taƙi biyu ba, wani wuri ta fi tsayin mutum. Ƙarƙashinta sai gindin dutse, wanda a nan galibi ya ruɓe ya zama farin yumɓu. Gwanin aiki ba ya tsayawa daidai inda tsakuwa ta ƙare, sai ya kankare ɗan saman gindin ya haɗa, don mafi nauyin kuza a tsagoginsa take maƙalewa. Sabon shiga yakan bar mafi kyawun rabonsa a nan.

Paddock shi ne buɗaɗɗen ramin da ake yi bayan an yaye ƙasar sama. Kalmar masu haƙar zinari na Ostareliya ce, ta biyo injiniyoyi zuwa nan. Tafkunan nan da kike gani a Rayfield da hanyar Barikin Ladi, yawancinsu tsofaffin ramukan nan ne ruwa ya cike. Da farko diga da shebur da kwanon sarki ne kayan aikin: masu diga su sare, masu shebur su cika, masu ɗauka su hau da shi a ka zuwa wurin wanki, heluma yana ƙirga. Heluma shugaban ƙungiyar leburori ne, shi ke nemo su, shi ke amsa tambayar Bature in aiki bai cika ba. Injuna sun yawaita ne bayan wutar kamfanin lantarki na NESCO ta fara zuwa daga Kurra Falls wajen 1930: bututun da ke feshin ruwa da ƙarfi ya rushe bangon rami, famfon da ke zuƙe tsakuwa da ruwa tare, da babbar motar nan mai dogon wuya da ke jan guga.

Deep lead kuma tsohon rafi ne da narkakken dutse na aman wuta ya malalo ya rufe tun kafin a yi mutane a nan. Tsakuwarsa na nan da kuzarta, amma a ƙarƙashin baƙin dutse mai tauri, ga ruwa mai yawa. Shi ya sa kamfanoni suka sha wahala da shi.

Kafin a haƙa komai sai an auna. Abin aunawar shi ne banka, bututun ƙarfe mai faɗin inci 4 ko 6, wanda ya samo sunansa daga tsibirin Bangka na Indunusiya. Ana kafa shi a tsaye da ɗan dandali a samansa, wasu maza su hau su tsaya don nauyinsu ya danna shi, wasu a ƙasa suna juya shi. Na sama suna zura wani ƙaramin bututu mai bawul a gindi, ya ɗebo abin da ya shiga. Duk ƙafa ɗaya ko 'yan ƙafafu sai a wanke abin da ya fito daban, a busar, a auna, akawu ya rubuta. Ƙa'idar ita ce babban bututun ya riƙa gaba da na ɗiba. In na ɗiba ya wuce bakinsa a wuri mai ruwa, yashin gefe zai riƙa kwararowa ciki, a wanke ƙasar da ta fi ta ramin yawa, lissafi ya nuna arzikin da babu shi. An narkar da dukiya mai yawa a kan irin wannan kuskure.

Sakamakon ana rubuta shi da laba nawa a kowane yadi, wato ƙasar da ta cika ƙafa 3 tsawo, 3 faɗi, 3 zurfi. Wannan ƙasar ta doshi kilo 1,400. To laba ɗaya, giram 454 ke nan, a cikinta kusan kashi ɗaya cikin 3,000 ne. Daga nan za ki gane me ya sa rigimar ruwa ta fi rigimar fili zafi a tsakanin kamfanoni.

Tributer ba ma'aikacin kamfani ba ne. Mutum ne da ke haƙa da wanki da ƙwaryarsa a cikin filin mai lasisi, bisa sharaɗin ba zai sayar wa kowa ba sai shi, a farashin da ya yanke kan kowace laba. Ba albashi, in ka samu naka, in ka rasa naka. Kalmar daga Konwal take a kudu maso yammacin Ingila, inda aka daɗe ana haƙar kuza, kuma kalmomi da dama na takardun nan daga can suka zo, har da leat, wato lambatun da ake jawo ruwa da shi daga nesa yana bin gefen tudu a hankali.

Ɗiban gwamna kuwa ba kalmar aiki ba ce, kalmar baƙin ciki ce. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka shiga ɗebo mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ana kawo su Filato, har zuwa 1944. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. A 1943 ne aka fitar da kuza mafi yawa a tarihin ƙasar nan, kusan tan 17,000.

Malamin Tarihi, Tudun Wada:

Baba, Allah ya ƙara girma. Zan ɗauki ɓangaren Amurka, sai dai da ƙarin bayani ɗaya tukuna: kada ɗalibarmu ta ɗauka da Turawa aka fara. Kafin Kamfanin Neja ya aiko mutanensa a 1902, kafin Kanar Laws, injiniyan kamfanin, ya kafa sansani a Naraguta, mutanen Liruwai suna narka kuza suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Bin sawun waɗannan tsinkayen ne ma ya kawo Turawan. Kuza, tama, zinariya, zaiba, miskali, duk sun riga bariki zuwa.

A Kalifoniya an ga zinarin ne ran 24 ga Janairu 1848, lokacin da James Marshall ke gina injin yanka katako na John Sutter a Coloma. Waɗanda suka kwarara a shekara ta gaba su ake kira forty-niners, 'yan arba'in da tara. Yarensu gauraye ne, domin mutanen Meziko da Chile sun riga su sanin aikin. Placer, zinarin da ke kwance a yashin rafi, kalmar Sifaniyanci ce. Bonanza ma haka, asalinta lafiyayyen yanayi a teku, ta koma nufin faɗawa kan wuri mai albarka.

Pay dirt daidai yake da wash ɗin Baba, ƙasar da wankinta zai biya wahala. Colour 'yan ƙwayoyin nan ne masu ɗan haske da ke saura a gindin faranti. Ba arziki ba ne, alama ce kawai cewa a ci gaba da bin rafin zuwa sama. In ƙwayoyin suna ƙara girma da kaushi, ana kusantar tushe. In sun zama lafaffu masu santsi, sun yi doguwar tafiya. In suka ɗauke gaba ɗaya, an wuce wurin, sai a koma baya a hau gefen tudu. Tushen shi ne lode, jijiyar farin dutse da zinarin ke ciki, kuma babbar jijiyar da ta bi gindin tsaunukan Sierra Nevada ita suka kira mother lode.

Grubstake shi ne ɗan kasuwa ya ba mai nema abinci da kayan aiki bashi, in an dace a raba. Wannan bai mutu ba, shi ne sifonsa na yau a ramukan Zamfara da Neja da nan Filato, kuma rigimar da ake yi kan rabon ma ba ta sake ba. Claim fili ne da mutum ya kafa wa turaku ya ce nasa ne. Dokar yawancin sansanoni ita ce in ka bar shi ba aiki na wasu kwanaki, wani na iya hayewa. High-grading satar dutse mafi kyau ce da lebura ke yi a aljihu ko a kwanon abinci. Salting kuwa zamba ce: a barbaɗa zinari a ramin da ba komai, wasu har a bindiga suke ɗura garin su harba a bango, mai saye ya zo ya wanke ya ga haske. Maganinta bai canja ba. Mai saye ya zaɓi wurin ɗiba da kansa, ya sare bangon ya shiga ciki kafin ya ɗiba, kuma buhun kada ya kwana a hannun mai sayarwa.

Kayan wankinsu hawa-hawa ne. Faranti na mutum ɗaya. Rocker akwati ne da ake girgizawa, da rariyar ƙarfe a sama. Long tom dogon kwami ne na mutum uku zuwa shida. Daga nan sai jerin akwatunan wanki, sai feshin ruwa da ya cika koguna da laka har kotu ta taka masa birki a 1884.

Amsar tambayarki ke nan a ganina: yare ɗaya ne na aiki da ya yi ta yawo daga Konwal zuwa Kalifoniya, Ostareliya, Malaya, har Jos, amma na barkwanci da zambo irin na Amurka bai zo nan ba. Waɗanda suka zo mana injiniyoyin kamfani ne masu rubuta rahoto, ba 'yan kasada masu jaki ɗaya ba. Sunayen kamfanonin ne ma suka fi zama a bakinmu, ga Anglo Jos, ga Kuru Jenta.

Ɗalibar Naraguta:

Na gode Baba, na gode Malam. Saura fool's gold da loto. Kuma ta yaya mai wanki ke gane kuza daga sauran baƙin yashi, tunda duk baƙi ne?

Hajiya Mai Sikeli, Dilimi:

Ƙanwata, wannan tambayar ita ce kasuwar gaba ɗaya.

Wanki nauyi ne kawai. In aka ɗauki ruwa a matsayin 1, farin yashi 2.65 ne, kuza kusan 7, zinari 19.3. Shi ya sa wankin zinari ya fi sauƙin rabuwa. Matsalar kuza ita ce ma'adinan da ke maƙwabtaka da ita sun kusa ta a nauyi: kwalambait daga 5 da ɗoriya zuwa 6 da ɗoriya, monazait kusan 5, ilmanait da zakon kusan 4.7. Ƙwarya tana kore farin yashi, amma waɗannan tare suke kwanciya da kuza. Wanda ya kawo buhu yana cewa kuza ce zalla, rabinsa na iya zama ilmanait.

Ga yadda ake rabawa. A busar sarai, don danshi kaɗan yana manne ƙwayoyi. A tankaɗe a raba manya da ƙanana, domin inji ba ya raba gauraye da kyau. A bi da maganaɗisun hannu a cire baƙin ƙarfe. Sannan injin maganaɗisu: a ƙaramin ƙarfi ilmanait ke fita, a ƙara ƙarfi kwalambait ya fita, a ƙara kuma monazait. Kuza da zakon ba sa amsa maganaɗisu, sai teburin iska ko na ruwa ya raba su da nauyi. In an gaggauta zuba kaya a kan bel ɗin, ƙwayoyi su hau kan juna, kuza ta bi kwalambait, an yi asara ta biyu: an rasa kuza, an kuma rage darajar kwalambait.

Gwajin da ba ya ƙarya: a ɗora 'yan ƙwayoyi a kan ƙarfen zinc, a ɗiga ruwan asid na haidurokulorik mai rauni. Bayan 'yan mintuna ƙwayar kuza za ta yi rigar toka-toka, in an murza ta yi sheƙi. Sauran ba sa canjawa. Kuza tsantsa kashi 78 da ɗoriya cikin 100 ne ƙarfe, ba ta wuce nan, don haka duk mai cewa kayansa sun kai 85 bai san abin da yake faɗa ba. Kaya mai kyau 70 zuwa sama ne.

Kwalambait da can shara ce. Sai a farkon shekarun 1950 Amurka ta shiga saye da tsada don tara shi, aka koma ana tone tsofaffin juji. Jujin bayan inji kuma a yi hattara da shi: monazait na ɗauke da sinadarin toriyom mai fitar da tururin nukiliya. Ba a yin bulo ko shafen ɗaki da wannan yashin, ba a barin yara su yi wasa a kai.

Fool's gold, zinarin wawa, dutse ne na ƙarfe da farar wuta. A buga shi da guduma: zinari zai baje, shi zai farfashe. A goga a bayan fasasshen tangaran: zinari ya bar rawaya, shi ya bar baƙi mai ɗan kore. Wuƙa na yankar zinari, shi ba ta kama shi. Ɗaya mai ruɗin mutane shi ne ɓawon dutsen nan mai walƙiya a rafi. Shi yawo yake a ruwa, kuma in an kare shi daga rana haskensa ya mutu, zinari kuwa ko a inuwa rawaya ne.

Awo kuma: ozar zinari giram 31.1 ce, ba 28.35 ta kanti ba. Dwt da ke cikin tsofaffin takardu kashi ɗaya cikin 20 ne na wannan ozar, giram 1.555. Miskalin fatake ya ɗan haura giram 4. In ana shakkar dunƙule, a auna shi a sikeli, a sake aunawa yana rataye cikin ruwa, a raba nauyin farko da bambancin. Zinari mai kyau zai ba da 17 zuwa 19, farin tagulla bai kai 9 ba.

Injiniya, Rayfield:

Hajiya ta gama da inji. Ƙari kaɗan kan akwatin wanki, don Malam ya wuce shi da sauri. Gangarensa kusan inci ɗaya ne a kowace ƙafa. In ya fi haka tsayuwa, ruwa ya tafi da ƙananan ƙwayoyi. In ya kwanta da yawa, yashi ya cike bayan sandunan da aka gitta, komai ya bi ta kai ya wuce. Babban ɓarawo shi ne curin yumɓu: yana mirginawa yana lasar kuza ko zinarin da ya riga ya kwanta ya fita da shi. Dole a dama yumɓu ya narke kafin ya shiga akwati. A wankin zinari kuma maiƙo haram ne, ko na hannu, domin garin zinari yana iya tashi ya yi iyo a kan ruwa; ɗigon sabulu na nutsar da shi. Barguna da buhunan da mutanen zamanin da suke shimfiɗawa a cikin akwatin su ne kafet na yau.

Loto ya yawaita ne bayan kamfanoni sun ja baya, musamman da farashin kuza ya faɗi a duniya a Oktoban 1985. Rijiya ce ƙunƙunta, faɗinta bai cika wuce mita ɗaya ba, da matakai a sassaƙe a bango, ana fito da ƙasa da guga da igiya. In an kai tsakuwa sai a shiga gefe a rarrafe ana binta. Abu huɗu ke kashe mutane a ciki. Na farko cin ginshiƙi: ana barin wasu wurare ba a taɓa ba don su riƙe rufin, to da yake su ma akwai kuza a jikinsu, sai kwaɗayi ya sa a riƙa sassaƙarsu. Na biyu damina, lokacin da yumɓun sama ya sha ruwa ya yi nauyi, da kuma tara ƙasar da aka fitar dab da bakin ramin. Na uku fasa cikin tsohon rami mai ruwa. Bangon da ya fara gumi ko ɗiga alama ce a fita. Na huɗu iska. Kyandir yana mutuwa in iskar shaƙa ta sauka daga kashi 21 zuwa wajen 16, wannan gargaɗi ne mai kyau. Amma hayaƙin famfo ko janareto ba ya kashe kyandir, mutum yake kashewa, ba wari ba launi. Injin fetur a waje yake zama, nesa da baki, ta inda iska ba za ta mayar da hayaƙin ciki ba.

Tunda zinari ma yana cikin tambayar, a san cewa haƙarsa ta zamani a Najeriya ta fara wajen 1913, ta yi ƙarfi a shekarun 1930 a yankunan Minna, Birnin Gwari da lardin Sakkwato. Zaiba tana kama zinari ta zama dunƙule, kusan rabinsa zaiba ne. Tana tafasa a digiri 357, saboda haka mai ƙona dunƙulen a cokali shaƙar ta yake yi, shi da duk wanda ke gidan. Tukunyar ƙonawa mai rufi da bututu zuwa cikin ruwa tana mayar da yawancinta a sake amfani da ita. Kuma ba a zuba zaiba cikin injin niƙa tare da dutse. Tana farfashewa ta zama gari, ta daina kama komai, ta bi ruwa. A wanke tukuna, a sa ta a ɗan abin da ya rage. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, inda yara sama da 400 suka rasu, ba zaiba ba ce, dalma ce da ke cikin dutsen, aka riƙa niƙa shi a bushe a cikin gidaje. An sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Niƙa da ruwa, a wajen gari, a kuma bar kayan aiki da tufafin a can.

Tsohon Safiyo, Bukuru:

Haka ne Injiniya. 'Yata, in za ki koma kan takardun, EPL lasisin bincike ne na kamfani ɗaya a fili, ML kuma hayar haƙa. Lambobin da ke biye da su suna nan a kan wasu turakun siminti a daji har yau. Ki leƙa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Kawunan mutum-mutumin yumɓu na Nok da ke ciki, na farkonsu masu haƙar kuza ne suka tono su a cikin wash.